Uku a Jere

Ranar da famfunan garinmu suka bushe, ni ba don ruwa aka neme ni ba, don ɓarawo ne. Bin sawu ne sana'ata. Akuya ta ɓace, babur ya yi ƙafa, yaro ya bi hanya bai dawo ba, ƙofata ake bugawa. Ba cika baki ba, ƙasa ba ta cika ɓoye mini abin da ta gani ba. Saje, ɗan sandan garinmu, shi ne ya zo da kansa, hula a hannu, gumi har wuya.

"Mai Sawu, taso. An kashe mana layin ruwa, kuma mutanenka sun riga sun yanke hukunci."

"To ni me zan yi, tunda sun gama?"

"Ka zo ka duba ko sun yi daidai, kafin su yi abin da ba ya gyaruwa."

A hanya ya warware mini zancen. Garinmu a kan tudu yake, kogi kuwa yana can ƙasa, don haka injuna goma sha biyu ne ke miƙa wa juna ruwa har ya kai tanki, kowanne a ɗan ɗakinsa, kowanne da lambarsa a ƙofa. Wani ya shiga ɗakin Bakwai da na Tara, ya zare fis masu rai da ke kai wa injin wuta, ya cusa ƙonannu a madadinsu. Ruwa ya tsaya. Shida da ke ƙasa ya yi ta turawa babu mai karɓa, har ya ƙone ƙurmus. Yanzu asibiti ma da jarkoki ake kai masa ruwa.

Ƙonannun fis kuwa wuri ɗaya suke ƙarewa a garin nan, wato filin Mai Gwangwan, wani bawan Allah da ya zo ya zauna cikinmu da matarsa da 'yan 'ya'yansa mata, yana sayen tsoffin ƙarafa. Kafin Saje ya isa, an riga an kumbura wa Mai Gwangwan fuska. Da ƙyar ya ƙwace shi ya kulle a siton ma'aikatar ruwa, don ya tsira da ransa. Matarsa kuma an ba ta zaɓi: ko su bar garin kafin faɗuwar rana, ko a cinna wa filin wuta da duk abin da ke ciki.

"Wa ya gan shi yana yi?" na tambaya.

"Kowa," in ji Saje. "Amma da na ce a fito mini da mutum ɗaya, sai kowa ya ce maƙwabcinsa ne ya gani."

* * *

Da na isa Bakwai, sai da na ji kamar in yi kuka. Duk mai ƙafa a garin nan ya je kallon ɗakin da aka yi ɓarna, wasu har da goyo. An tattake wurin kamar kasuwa. Tara ma haka. Ƙofofin ba su da kwaɗo, tsatsa ta cinye su tuntuni, da waya ake ɗaure su, ke nan ko akuya mai wayo za ta iya shiga.

Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. A gindin bangon Tara, inda 'yan kallo ba su raɓa ba, akwai sawun takalmin ruwa irin na ma'aikata, taku gajere-gajere. Takalmin nan rabin garin na da shi, har da masu wankin mota. Gajeren taku kuma na mai ɗauke da kaya ne, ko na mai gajiya, ko na mai tsoro. Saje ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Mai buhun ƙarfe a baya ke nan." Na ce masa ya bar wa ƙasa bakinta, ba ta ɗauke shi lauya ba.

* * *

Injiniya ce ke riƙe da layin. Yarinya ce a idona, amma kanta na ja, kuma ba ta san kwana-kwana ba. Na same ta a ofis idanu jajir. Ta zube notina goma sha biyu a kan tebur, ta jera su.

"Baba, ka ga waɗannan? Kowane inji yana da ƙarfin da zai tsallake matattu biyu ya kai ruwa ga na gaba. Uku ne ba zai iya ba." Ta ɗauke noti ɗaya daga nan, ɗaya daga can, har guda biyar. "Kalli, biyar sun mutu, amma a warwatse. Ko mai shayi ba zai san an yi ba." Ta mayar da su, sannan ta zare uku da ke maƙwabtaka. "Yanzu uku kacal, amma a jere. Gari ya bushe. Ba yawan matattun ne ke kashe layi ba, zamansu kusa da juna ne."

"Amma biyu aka taɓa, Bakwai da Tara. Ina na ukun?"

Ta runtse ido. "Takwas. Ni na sa aka kwance shi gaba ɗaya aka kai gyara. Ɗakin fanko ne, bututu kawai ke wucewa. Kafin in cire shi sai da na zauna na yi lissafi: a ɗan lokacin nan, mene ne yiwuwar a ce na ƙasansa da na samansa su mutu tare? Abin da ya fito ƙanƙane ne ƙwarai. Kuma har yanzu ina kan bakana, lissafin daidai yake. Sai dai ya ɗauka kowane inji ajalinsa daban ne, mutuwar wannan ba ruwanta da ta wancan. Bai san da hannun mutum ɗaya da zai bi su biyun ba."

"Wa ya san Takwas fanko ne?"

"Ni, da Dogo mai zagayen layi, da mai sito. Ban yi shela ba, don kada ɓarayi su ji."

Na tashi zan fita, ta tsayar da ni. "Akwai abin da ke damuna tun kafin yau. 'Yan watannin nan injuna na ta tsayawa fiye da ƙima. Yau Uku, gobe Biyar da Goma. Amma ko sau ɗaya ba a taɓa samun maƙwabta biyu sun tsaya tare ba. In da tsautsayi ne kawai, da wata rana dole ya haɗa maƙwabta, don tsautsayi bai san lamba ba. Wannan mutuwar ta cika ladabi, Baba."

Na so yarinyar nan a lokacin. Ita ma sawu take bi, nata dai a cikin lamba yake.

* * *

Mai Gwangwan na zaune a kan buhun siminti a sito, ido ɗaya a rufe don kumburi. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin miƙewa, na ce ya zauna.

"Ƙonannun fis ɗin daga wurinka suka fito?"

"Mai yiwuwa ne, Baba. Suna cikin bokiti a bakin ƙofa, duk mai wucewa zai iya miƙa hannu. Wa zai tsare ƙonannen fis? Dogo ne ke kawo mini su."

"Kana da takalmin ruwa?"

"Ina da shi. Har guda uku, duk na ƙafar hagu."

Na danne dariyata. "To faɗa mini, inji nawa ne za su mutu kafin ruwa ya tsaya?"

Ya dube ni da idon da ya rage, yana neman inda tarkon yake. "Ɗaya mana. Ba kamar sarƙa ba ce? In ɗaya ya tsinke ai shi ke nan."

Nan take na cire shi daga raina. Mutumin da ya yi watanni yana kashe injuna ba tare da ya taɓa haɗa maƙwabta ba, ya san dokar layin kamar sunansa. Wannan kuwa bai san ma akwai doka ba. Sai dai abin da ya gamsar da ni ba zai gamsar da masu jiran faɗuwar rana ba. Su mutum suke so a hannu, kuma in ban kawo musu wani ba, wannan ɗin za su riƙe.

"Baba," ya ce da zan fita, "ka ce wa uwar yaran kada ta tsaya gardama da kowa. Ta ɗaure kayan kawai."

"Zan ce ta ɗaure," na ce, "amma kada ta ƙulle igiyar da ƙarfi."

* * *

Dogo na ganina ya sha jinin jikinsa. Tsayi ne da shi kamar falwaya, amma a gabana sai da ya koma ɗan ƙarami. Shi ke hawa babur ya zagaye injunan kullum, ya san dokar uku a jere, yana da takalmin, kuma shi ke kai ƙonannun fis wurin gwangwan. Duk abin da ake nema ga ɓarawo ya tara, har ya yi yawa.

"Ranar da abin ya faru, ka yi zagaye?"

"Na yi, Baba."

"Tayar babur ɗinka ta baya tana da faci. Na bi hanyar layin tun daga ƙasa, sawunta na ƙarshe ya kwana biyu, har tururuwa sun yi hanya a kansa. In sake tambayarka?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe gidan kallon ƙwallo ya tafi, kuma mutum ashirin za su shaida, don shi ya fi kowa ihu da aka ci su. Ragon ma'aikaci ne, amma ba shi ya yi ba. Ga shi kuma da hannunsa aka ɗora injin Takwas a mota. In da shi ne, da ya san Bakwai da Tara su ne biyun da ba a taɓawa.

"Da injunan ke ta tsayawa, wa ke tashe su?"

"Kawu Sifana mana. Injiniya ta ce mu daina damunsa tunda ya yi ritaya, amma in abu ya gagara, shi nake ɗaukowa a ɓoye. Yana shiga ya ce in jira a waje, kafin ka ce kwabo inji ya tashi. Ai Baba ka fi ni saninsa."

Na fi shi saninsa kuwa. Kawu Sifana yayan maiɗakina ne. Shi ya yi aikin layin nan tun ana haƙa ramin bututu, kuma shi ya koya wa duk wani ma'aikacin ruwa na garin nan dokar uku a jere. Labarin kunnensa har garuruwan maƙwabta an san shi: yakan tsaya a wajen ɗaki ya saurara, ya gaya maka ƙusar da ta kwance a ciki. In akwai wanda zai gane mini wanda ya yi wannan aikin, na ce a raina, to shi ne.

* * *

Na biya gida in sa wani abu a cikina. Maiɗakina ta ajiye mini kwano da ƙarfi, ta ce in ci a hankali don babu ruwan wanke wani. Da na ce wurin Yaya za ni, sai ta taɓe baki.

"Ka gaishe shi, in ya ga damar amsawa. Tunda ya dawo daga wurin 'yarsa ya zama wani babban mutum. Shekaranjiya na hango shi a hanya, na bi shi ina Yaya, Yaya, ko waiwaye. Ni da muka fito ciki ɗaya!"

"Ƙila muryarki ce ya gane, shi ya sa ya ƙara sauri."

Ta ɗaga ludayi, na kama gabana.

Na sami Yaya a tsakar gida sanye da kayan aiki, akwatin sifanunsa a gefe, an goge kowanne yana ƙyalli. Rediyo na ta kururuwa. Ya kashe shi, ya jawo kujera ya zauna dab da ni, fuska da fuska, ya kafa mini ido.

"Ba su aiko daga ma'aikata ba?" ya tambaya tun kafin mu gama gaisawa.

"Ba su aiko ba, Yaya. Shida sai an kai shi kamfani. Ni ma tambaya ta kawo ni: a cikin yaran da ka koya wa aiki, wa kake ganin zai iya wannan?"

"Yaran yanzu? Ba su iya komai ba."

"Mutumin nan mai gwangwan za a kora da iyalinsa kafin rana ta faɗi."

Ya daɗe yana kallon sifanunsa. "Allah ya kyauta," ya ce.

Ya tashi zai samo mini ɗan abin sha. Tsohon firjinsa na nan a baranda yana gurnaninsa da ya saba, wanda tun daga zaure ake ji. Yaya ya ɗora tafin hannu a jikinsa, ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Yawwa, akwai wuta." Na sha, na yi godiya, na fito.

* * *

Rana ta fara karkata, ni kuma ba ni da kowa a hannu. Na tsaya a bakin hanya ina zagin 'yan kallon da suka tattake mini Bakwai da Tara, sai wani tunani ya katse mini zagin. Sun je inda aka yi ɓarna. Takwas fa? Ba a taɓa komai a can ba, don haka ba wanda ya je kallo. Amma duk wanda ya tashi daga Bakwai zuwa Tara, dole ta gaban Takwas ya wuce.

Na ja Saje muka hau. Hanyar tsakuwa ce, ba ta riƙe sawu, amma gefen ɗakin ƙasa ce mai laushi, kuma tana nan lafiya lau kamar an share mini ita. Ga takalmin ruwan, ga gajeren takun. Mutumin ya sauka daga hanya, amma bai nufi ƙofa ba, wayar da aka ɗaure ta da ita ma ba a taɓa ba. Ya zagaya gefe, inda bututu ke fitowa daga bango. Nan ya tsaya, ƙafafu biyu a haɗe, dunduniya ta nitse, alamar ya ɗan jima.

Bututun ruwa yakan yi gumi saboda sanyin da ke ciki, ƙura ta manne a kai. A kan wannan ƙurar, ga tafin hannu nan ɓaro-ɓaro, yatsu biyar a buɗe.

"Ya jingina ne ya huta," in ji Saje.

"Mai hutawa bango yake dafawa, ba ya sunkuyawa ya nemi bututu. Yi shiru, Saje. Me kake ji?"

"Ba komai."

"Ranar ma ba komai ake ji a nan, don ɗakin fanko ne. Inji mai rai tun daga hanya yake cika maka kunne."

Na tsuguna a gaban hannun nan na daɗe. Na gane shi, kuma wallahi ban so na gane shi ba. Zuciyata ta yi nauyi irin wanda ban taɓa ji ba a aikin nan. Amma rana ba ta tsaya jirana ba, can ƙasa kuma wata mata na ɗaure katifa a kan amalanke.

"Tara mini su a ma'aikata," na ce. "Har da Yaya. Ka ce masa ana bukatarsa, zai zo da gudu."

* * *

Aka jera benci a harabar ma'aikata. Injiniya, Dogo, mai sito, Mai Gwangwan da kumburarriyar fuskarsa, sai Yaya a bencin gaba, akwatin sifanu a kan cinya. Jama'a sun cika bakin ƙofa har kan katanga, wasu samari riƙe da galan ɗin fetur, wai don kada a ɓata lokaci in an gama.

Na tsaya a gabansu na ɗaga murya. "Wanda ya yi aikin nan ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo ba ya tsallake ɗaki. Wannan ya kashe Bakwai, ya bar Takwas, ya kashe Tara, don ya san muddin na tsakiya na da rai, ko ɗigo ba za ku rasa ba. Ya san doka ke nan. Mai Gwangwan bai san ta ba, ku tambaye shi ku sha dariya."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce to Dogo ne. Dogo ya kusa faɗowa daga benci.

"Dogo da mai sito da Injiniya duk sun san Takwas fanko ne. Wanda ya yi bai sani ba. Kuma bai yi ganganci ba, sai da ya tsaya ya tabbatar Takwas na aiki kafin ya wuce. Ya ɗora hannu a bututu, ya ji yana rawa, don ruwan da Shida ke turowa na wucewa ta ciki. Ya ɗauka injin ne. Yanzu ku gaya mini, wane irin mutum ne zai tsaya a jikin ɗakin da ya yi tsit, ya nemi ƙarar inji da tafin hannu?"

Ina maganar ina tafiya, har na zagaya bayan benci. Na tsaya daidai ƙeyar Yaya. Ban ɗaga murya ba, ban kuma rage ta ba.

"Yaya, in kana jina ka juyo. Ka juyo in durƙusa in ba ka haƙuri a gaban kowa, in bar bin sawu har abada."

Na katanga ma sun ji. A rayuwata ban taɓa son mutum ya ƙaryata ni kamar lokacin ba. Yaya na zaune yana kallon inda na baro, yana ɗan gyaɗa kai irin na mai bin zance. Sai da ya ga duk idanu sun dawo kansa, sannan ya waiwaya ya gan ni, ya kuma gane.

Ya buɗe akwatin da kansa. A ƙarƙashin sifanun, naɗe cikin tsumma, ga fis biyu masu rai.

"Kunnen ya tafi," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya sani. "Ban gaya wa kowa ba. In aka ji, wa zai ƙara zuwa? Ni ba sata nake ba, mayarwa nake yi. In kashe, a zo a ɗauke ni, in tashe shi, a ce sai Kawu. Ban taɓa haɗa maƙwabta ba, Allah ne shaidata. So nake kawai a zo a buga mini ƙofa."

Injiniya ta rufe fuska da hannu. Daga bakin ƙofa kuma sai murya ta canza. "Allah sarki, Kawu." "Tsufa ne." "Ai ba da gangan ba ne, a yi haƙuri." Samarin nan suka tura galan ɗin bayan ƙafafunsu. Na ji tausayin Yaya har cikin ƙashina, amma saurin da garin nan ya yi wajen samo tausayinsa ya ba ni haushi, don da safe an neme shi ko'ina an rasa.

Mai Gwangwan ya miƙe da ƙyar. Bai kalli jama'a ba. Ya zo ya tsuguna a gaban Yaya, fuska da fuska, ya yi magana a hankali yadda tsohon zai karanta bakinsa.

"Kawu, Takwas ba ka ji ba, na yarda. Amma da ake dukana a bakin filina, kana tsaye wajen mai faci. Wannan ba ya bukatar kunne. Ka gani?"

Yaya ya ce, "Na gani."

"To. Abin da nake so in ji ke nan."

Ya nufi ƙofa. Jama'a suka dare masa hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Saje ya kama hannun Yaya a hankali suka shiga ofis. Na san abin da ke jirana a gida, kuma na san ba gajere ba ne, don haka na bi bayan Mai Gwangwan.

Mun sami amalanke a bakin fili an yi masa lodi har sama, yaran na zaune a kan kaya, ƙaramar rungume da tukunya. Matarsa ta dubi fuskarsa, ta dube ni, ta dubi mutanen da suka biyo mu daga nesa suka yi cirko-cirko.

"Sauke," ya ce mata.

"Wa ya ce mu zauna?"

"Ba wanda ya ce, kuma ba wanda zan tambaya. Sauke."

Ta sa hannu ta warware igiyar. Ya kama katifar ta gefe ɗaya. Na kama ɗaya gefen, muka shigar da ita ciki.